Zubar gashin kyanwa: tambayoyi da amsoshi

Ana iya hana kyanwa zubar da gashi gaba ɗaya?

A'a. Duk wanda ya sayar maka da magani a kan zai tsayar da zubar gashi ɗungurungum, kuɗinka kawai ya ci. Kowane silin gashi yana da wa'adinsa. Zai tsiro, ya yi tsawo, ya tsaya, sannan sabo ya turo shi daga ƙasa ya faɗi. Kyanwa mai ƙoshin lafiya haka take yi tun tana ƙarama har ta tsufa. Abin da ke hannun mai ita abu biyu ne: ya kwashe mataccen gashin da mataji kafin ya watsu a ɗaki, ya kuma kawar da abubuwan da ke sa zubar ta wuce ƙima, irin su ƙuma, makero da ƙarancin abinci mai gina jiki.

Yaya zan gane zubar da aka saba da wadda take ta ciwo?

Kada ka duba gashin da ke kan kujera, duba jikin kyanwar. Idan gashi ya rufe ko'ina, yana sheƙi, fatar da ke ƙarƙashinsa tana da santsi ba ja ba ƙuraje, to komai yawan abin da kake sharewa lafiyarta lau. Sa yatsu ka shafa ta daga wutsiya zuwa kai, wato ka tayar da gashin, ka leƙa fatar a wuri mai haske. Abin da ke nuna ciwo shi ne sanƙo a wani wuri, ɓawo, ƙananan ƙuraje masu kaushi da yatsa ke ji kamar ƙwayar gero, amosani mai yawa, gashin da ya kakkarye ya bar guntaye, ko susa da lasa ba ƙaƙƙautawa.

Akwai wuri ɗaya da ke tsorata mutane a banza. Tsakanin ido da kunne gashin kyanwa ba shi da kauri tun asali, har ana hango fata, musamman a baƙar kyanwa. In dai wurin ba ja ba ɓawo, halitta ce.

Me ya sa zubar ta fi yawa a wasu watanni?

Tsawon hasken rana ne ya fi komai juya gashin kyanwa, sannan zafi da sanyi. A ƙasashen Turai, inda rana ke tsawo sosai a wani lokaci ta gajarta sosai a wani, kyanwar waje takan yi babbar zuba sau biyu a shekara. A Kano kuwa bambancin da ke tsakanin rana mafi tsawo a Yuni da mafi gajarta a Disamba bai kai awa ɗaya da rabi ba, don haka kyanwoyinmu sukan zubar kaɗan-kaɗan duk shekara. Wadda ke zaune cikin ɗaki ƙarƙashin hasken lantarki ma haka take. Duk da haka za a fi ganin gashin idan hunturu ya wuce zafi ya kunno kai. Shi kansa hunturun yana busar da fata, ƙura ta shige cikin gashi, amosani ya ƙaru, gashin kuma ya riƙa mannewa a tufafi. A waɗannan watanni sai a ƙara yawan tajewa.

Sau nawa ya kamata a taje ta, kuma da wane irin mataji?

Kyanwar gida mai gajeren gashi, sau biyu zuwa uku a mako ya isa, kamar minti biyar kowane zama. Mai dogon gashi, irin Fashiyan da ake sayarwa da tsada a birane, kullum ne ba fashi. Wanda ya san ba zai iya ba ta minti goma a rana ba, gara ya haƙura da ita, domin kwana kaɗan ne gashinta zai cukurkuɗe.

Ga mai gajeren gashi, buroshin roba mai tsinaye masu laushi shi ya fi kwashe mataccen gashi, sai a bi da matajin ƙarfe mai ƙananan haƙora. Matajin kwarkwata da ake sayarwa a kasuwa yana wannan aikin, har ma yakan kamo ƙuma idan akwai. Ga mai dogon gashi, matajin ƙarfe mai haƙora biyu ake nema, gefe ɗaya masu faɗi, ɗaya gefen matsattsu. A fara da masu faɗin. Buroshi kaɗai yaudara ne a wurinta: yana gyara sama ya yi kyau, ƙasa kuma yana dunƙulewa kusa da fata ba a sani ba.

Akwai wani mataji mai kaifi-kaifi da ake yi don zaro gashin ƙasa, irin su FURminator. Yana aiki ƙwarai, amma sau ɗaya a mako ya wadatar, ba tare da dannawa ba. Idan aka yi ta maimaita shi a wuri ɗaya yana yanke lafiyayyen gashi ya kuma ƙuje fata.

Wajen tajewa a bi kwanciyar gashi, daga kai zuwa wutsiya. A fara da kumatu da ƙeya da gadon baya, inda ta fi son taɓawa, sannan kwiɓi, a bar ciki da cinyoyi da gindin wutsiya zuwa ƙarshe. Wuraren da gashi ke fara dunƙulewa su ne bayan kunne, hammata, ƙarƙashin wuya da tsakanin cinyoyin baya. A ƙarshe a jiƙa hannu ko tsumma kaɗan a shafe jikinta, sauran gashin da ya saki zai manne ya fito. A hunturu ma a fara da wannan shafawar kafin mataji, don gashin ya kwanta.

Tawa ba ta yarda a taje ta, cizo da yaƙushi take yi. Yaya zan yi?

Kada a danne ta. Kyanwar da aka kama da ƙarfi sau ɗaya, da ta hango mataji za ta shige ƙarƙashin gado. A bari sai ta ci ta ƙoshi tana gyangyaɗi, a miƙa mata matajin ta shinshina, a shafa sau uku ko huɗu a kumatu, a ba ta ɗan tsokar nama, a ƙyale ta. Gobe a ƙara kaɗan. Tana da alamun da take bayarwa kafin ta kai cizo: wutsiya ta fara kaɗawa da ƙarfi, kunnuwa su kwanta baya, fatar bayanta ta riƙa motsi. Da an ga haka a tsaya. Idan kuwa da can tana yarda sai yanzu ta ƙi a taɓa wani wuri, a yi zargin ciwo a wurin, musamman ciwon gaɓoɓi a tsohuwar kyanwa.

Gashinta ya riga ya dunƙule. In sa almakashi?

Kada ka kusanto da almakashi ko reza. Fatar kyanwa siririya ce, dunƙulen kuma yakan jawo ta sama ta shige cikinsa, sai mutum ya yanka yana zaton gashi ne. Kada kuma a jiƙa shi da ruwa, ƙara tamkewa yake yi. Idan ƙarami ne, a barbaɗa ɗan garin sitaci, a riƙe gindinsa da yatsu biyu don kada a ja fata, a warware shi daga baki da haƙoran mataji masu faɗi. Wanda ya yi tauri ya manne da fata, injin aski ne maganinsa, a shigar da bakinsa a kwance ƙarƙashin dunƙulen, ana taɓa bakin injin lokaci-lokaci domin yana zafi ya ƙona fata. Idan ya game jiki, aikin likitan dabbobi ne, wani lokaci sai an yi mata allurar barci.

To in aske ta gaba ɗaya mana, tunda ga zafi?

Aski ba ya rage zuba, gashin da ke zubar ne kawai zai zama guntaye. Gashi kuma yana kare fata daga rana da cizon ƙwari, kuma farar kyanwa rana na ƙona ta, musamman a bakin kunne da hanci. Mai dogon gashi ana iya rage mata na ciki da na ƙarƙashin wutsiya a bazara. Gashin baki kuwa ba a taɓa shi sam, da shi take auna wuri a cikin duhu.

Wanka yana taimakawa?

Kaɗan. Kyanwa tana ɓatar da wani babban kaso na lokacin da take farke wajen lasar jikinta, kuma harshenta na da ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa baya da ke aikin mataji. Mai gajeren gashi ba ta buƙatar wanka sai in ta shiga wani abu mai ƙazanta ko likita ya rubuta sabulun magani. Mai dogon gashi, sau ɗaya a mako huɗu zuwa shida ya isa. Yawan wanka na wanke maiƙon fata, ta bushe, amosani da zuba su ƙaru.

Idan za a yi, a taje ta tukuna. Ruwan ya zama mai ɗumi daidai jiki, wajen digiri 38, sabulun kuma wanda aka yi don kyanwa. Ban da garin wanki, ban da sabulun wanki, ban da sabulun gashin mutane. A ɗauraye sosai domin abin da ya rage za ta lashe, a goge da tawul, a tsare ta a ɗaki mai ɗumi har ta bushe. Kada a zuba Dettol ko Izal a ruwan. Sinadaran da ke cikinsu hantar kyanwa ba ta iya sarrafa su, guba ne a gare ta.

Abinci na da hannu a ciki?

Sosai ma. Gashi kusan dukansa furotin ne, kyanwa kuma maciyar nama ce ta asali. Wadda ake zuba wa ragowar tuwo da shinkafa da ɗan romon miya za ta rayu, musamman in tana kama ɓera da ƙadangare, amma gashinta zai dushe ya riƙa karyewa. Miyarmu ma da matsalarta: albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa.

Idan abincin buhu ake saye, a karanta bayansa. Na babbar kyanwa kada furotin ya gaza kashi 26 cikin 100, na 'ya'ya da mai shayarwa kashi 30, nama ko kifi ya zo a farkon jerin kayan haɗi, a kuma ga an rubuta taurine. Abincin kare ba ya maye gurbinsa, ba shi da isasshen wannan sinadari, rashinsa kuma na taɓa zuciya da ido. A sayi buhun da zai ƙare cikin wata ɗaya zuwa mako shida bayan buɗewa, a rufe shi ruf a wuri mai sanyi, domin zafi na sa man da ke ciki ya lalace. Wanda ake aunawa daga buɗaɗɗen buhu a shago, ba a san tun yaushe yake shan iska ba.

Mai dafawa a gida ya ba ta dafaffen nama, kaza ko kifi ba gishiri ba magi, an cire ƙashi da ƙaya, da dafaffen ƙwai jefi-jefi. Ɗanyen farin ƙwai yana hana jiki amfana da biotin, wanda fata ke buƙata. Hanta ɗan yanki sau ɗaya a mako, domin yawanta na tara bitamin A har ya lalata ƙashi. Tsoka zalla kuma ba ta da isasshen sinadarin ƙashi, don haka wanda zai dogara da girkin gida kaɗai ya nemi likita ya tsara masa. Madara ba ta gyara gashi, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su.

Canjin abinci a yi shi cikin kwana 7 zuwa 10, ana gauraya sabo da tsoho ana ƙara sabon. Kada a sa ran ganin bambanci kafin mako shida zuwa takwas, sai sabon gashi ya fito.

Man kifi fa, da shafa mata mai a jiki?

Man kifi na taimaka wa busasshiyar fata, domin jikin kyanwa ba ya iya juya man tsirrai zuwa irin wanda fatar ke so yadda ya kamata. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan yankin dafaffen kifi mai maiƙo, kamar titus, sau ɗaya ko biyu a mako. Man hantar kifi da ake ba yara daban ne, bitamin A da D sun yi yawa a cikinsa, kada a ba ta. Shafa man kaɗanya, man shanu ko basilin kuwa ba ya hana zuba, ƙura kawai zai tara, ita kuma ta lashe.

Ruwa ma a kula da shi. Kyanwa na buƙatar kamar mililita 50 a kowane kilo na nauyinta a rana, wato mai kilo 4 wajen mililita 200, har da wanda ke cikin abinci. Busasshen abincin buhu ruwansa bai wuce kashi 10 ba. A ajiye kwano biyu ko uku a wurare daban-daban, nesa da inda take kashi, a canja kullum.

Ban taɓa ganin ƙuma a jikinta ba. Za ta iya zama ita ce ke sa zubar?

Ƙwarai kuwa, kuma ita ake fara zargi. Kyanwa na haɗiye ƙumar wajen lasa, ba lallai a gan ta ba. A tsayar da ita a kan farar takarda, a taje gadon baya da gindin wutsiya, a ɗiga ruwa a kan baƙaƙen ɗigon da suka faɗo. In sun narke sun yi ja, kashin ƙuma ne, jinin da ta sha. Wasu kyanwoyi jikinsu ba ya jure yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa su tsige gashin bayansu da na wuya. Wata shaidar ita ce fararen abubuwa masu kama da ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiya: gaɓoɓin tsutsar ciki ce da ake ɗauka ta hanyar haɗiye ƙuma, maganinta praziquantel.

Ƙumar da ke jikin dabba kaɗan ce cikin abin da ke gidan. Macen na iya yin ƙwai har 50 a rana, su zube a shimfiɗa, kafet da tsagar ƙasa, su ƙyanƙyashe daga baya. Shi ya sa magani sau ɗaya ba ya gamawa. Ana amfani da maganin ɗigawa na kyanwa mai ɗauke da fipronil, selamectin ko imidacloprid, gwargwadon nauyinta. A buɗa gashin ƙeya, inda harshe ba ya kaiwa, a ɗiga a kan fata ba a kan gashi ba, kada a yi wanka kwana biyu kafin da bayan. A maimaita kowane wata har wata uku aƙalla, a yi wa duk kyanwa da karen da ke gidan, kowa da nasa maganin. A wanke shimfiɗarta da ruwan zafi duk mako a shanya a rana. 'Yan ƙanana da ba su kai mako takwas ba ba a ɗiga musu sai da izinin likita, a cire musu da mataji. Idan dasashinsu ya yi fari, ƙuma ta shanye musu jini, a gaggauta kai su asibiti.

Zan iya amfani da maganin ƙwari na gida ko na shanu?

Nan ne ake asarar kyanwoyi. Maganin ƙuma na kare mai permethrin yana kashe kyanwa, ko da gogar jikin karen da aka shafa wa ta yi. Fiya-fiya da Sniper, maganin kaska na shanu, kananzir da baƙin mai, duk babu wanda ya halatta a jikinta. Alamun guba su ne dalalar yawu, karkarwa, tangaɗi da farfaɗiya. In haka ta faru a wanke ta nan take da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a naɗe ta a tawul, a nufi asibiti. Kada a ɗura mata manja ko madara, yana iya shiga huhu. Allurar ivermectin ta shanu likita kan yi amfani da ita a kan ƙazuwa, amma abin da kyanwa mai kilo 3 ke buƙata bai kai kashi ɗaya cikin goma na mililita ba, kuskure kaɗan ya zama ajali. Parasitamol ma ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Gashin ya zube a zagaye, wurin ya yi fari-fari. Mene ne?

Mai yiwuwa makero ne, ya fi kama 'yan ƙanana da masu dogon gashi, a fuska, kunne da ƙafafu. Yana kama mutane, yara sun fi saurin ɗauka. Likita kan tabbatar da shi ta hanyar haska fitila ta musamman ko gwajin gashi. Man shafawa kaɗai ba kasafai yake isa ba. Akan haɗa maganin sha, irin itraconazole, da wankan sabulun magani sau biyu a mako, na mako shida ko fiye. Gashi na dawowa kafin cutar ta mutu, don haka kada a tsaya don an ga wurin ya cike. Ƙwayar cutar na iya wuce shekara a raye cikin gashin da ya zube. A keɓe kyanwar a ɗaki mai sauƙin gogewa, a kwashe gashi kullum, a goge ƙasa da mataji da ruwan bilic, awo ɗaya cikin awo goma na ruwa, a bar shi minti goma, a ɗauraye, ya bushe kafin ta taka.

Idan ɓawo ne mai kauri ya fara daga bakin kunne ya gangaro fuska da wuya, da susa mai tsanani, wannan ƙazuwa ce, maganinta daban.

Cikinta da cinyoyinta sun yi sanƙo amma fatar lafiya lau.

Ita ke lashe shi, sau da yawa a ɓoye. Shafa wurin za ka ji guntayen gashi suna sukar hannu. Yawanci ƙaiƙayi ne daga ƙuma ko wani abinci da jikinta ya ƙi, wani lokaci zafin mafitsara. Damuwa, kamar ƙaura ko zuwan sabuwar dabba, tana jawo shi, amma sai an kawar da sauran ake ɗora mata laifi.

Ta haihu, gashinta na zuba da yawa.

An saba ganin haka wata ɗaya zuwa uku bayan haihuwa ko zazzaɓi mai tsanani, yakan dawo da kansa. A ƙara mata abinci, irin na 'ya'yan kyanwa, har ta yaye. Wadda ke haihuwa a kai a kai gashinta ba ya samun sararin murmurewa, aikin cire mahaifa ne ke raba ta da wannan.

Tana amayar da dunƙulen gashi. Akwai haɗari?

Jefi-jefi ba komai, musamman a mai dogon gashi, tajewa kuma na rage shi. Idan ya zama duk mako, ko tana yunƙurin amai ba abin da ke fita, ta daina kashi, ta ƙi abinci, to hanji na iya toshewa. Kyanwar da ta yi kwana ɗaya zuwa biyu ba ta ci ba kada a jira, rashin ci na taɓa hantarta.

Gaskiya ne gashin kyanwa na sa tarin fuka ko hana haihuwa?

Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ba gashi ba. Abin da ke faruwa shi ne wasu mutane jikinsu ba ya jure wani sinadari da ke cikin yawu da maiƙon fatar kyanwa, wanda ke mannewa a gashi, sai atishawa, ƙaiƙayin ido ko tashin asma. Irin wannan mutum kada kyanwa ta shiga ɗakin kwanansa, wani ya riƙa taje ta a waje. Gashin kuma ba ya hana haihuwa. Cutar da ake jiye wa mai ciki kuwa ta kashin kyanwa da naman da bai dahu ba ake ɗaukarta. A kwashe kashin kullum, mai cikin ta bar wa wani aikin. Game da gashi a kan sallaya, kyanwa ba najasa ba ce kamar yadda hadisin Abu Ƙatada ya nuna, a kakkaɓe kawai.

Yaya zan rage gashin a ɗaki?

Tsintsiya tayar da shi take yi, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Kujera da kafet a sa safar hannu ta roba a ɗan jiƙa ta a shafa, gashin zai naɗe. Tufafi kuma salatif mai faɗi. A shimfiɗa tsohon zane a inda ta fi kwanciya, a kakkaɓe shi a waje, a wanke duk mako.

Yaushe ne dole a ga likita?

Idan akwai sanƙo, gyambo, wari ko ruwa a fata, ko wani a gidan ya fara ƙuraje. Haka in tana ramewa, ko shan ruwanta ya ƙaru, ko ta daina lasar jikinta har gashin ya yi maiƙo. Kyanwar da ta haura shekara goma tana ci da yawa tana ramewa, gashi a hargitse, a duba mata maƙoƙo da ƙoda da sukari. Asibitin dabbobi na jiha na iya duba fata, inda kuma ake buƙatar gwaji mai zurfi akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri. A tafi da ita cikin kwando mai murfi, da kwalin duk maganin da aka riga aka shafa mata, kada kuma a yi mata wanka kafin a je, domin yana wanke abin da likita zai kankara ya gwada. Gashin da za ta zubar a teburin likita kada ya dame ka, tsoro ne ke sa wanda ya riga ya saki ya zube a lokaci ɗaya.